Zumunta A Ƙafa Take: Tafiyar Kirsimeti Zuwa Anka, Gummi Da Bukkuyum



Ga hunturu ya sauka, ƙura ta rufe gari. An kai gero da dawa rumbu, 'yan makaranta suna ƙirga kwanakin hutu, a majami'u kuwa mawaƙa da Zumuntar Mata sun duƙufa koyon waƙoƙin Kirsimeti. A irin wannan lokaci, duk gidan da ka shiga a Gusau, ko Sakkwato, ko Zariya, ko Kaduna, in dai masu gidan suna da dangi a yammacin Zamfara, tambaya ɗaya ce ke tsakanin miji da mata bayan yara sun yi barci: bana za mu je gida, ko kuwa mu sake aika kuɗi?

Da can ba a yin wannan tambaya. Da an ce ashirin ga Disamba sai tashar Gusau ta cika maƙil. A kama hanyar Sakkwato, a karya kwana a Mayanci, a sauke na Anka, na Bukkuyum su ratse, a wuce Ɗaki Takwas, a dire a Gummi. Masu zuwa ƙasar Zuru kuma daga Ɗaki Takwas sai su yi kudu. A tafi da buhun shinkafa da turmin atamfa na tsohuwa, a komo da gero da daddawa da kuka da kaza a kwando. Abin fargaba bai wuce ramukan hanya da fashewar taya ba. In dare ya yi wa mutum, sai ya kwana a garin da ya samu kansa, da safe ya ci gaba.

Yau kowa ya san abin da ya canja. Shekara fiye da goma ke nan 'yan bindigar daji suna tare hanyoyi, suna kwasar mutane don kuɗin fansa, suna sa wa ƙauyuka haraji kafin su bar manomi ya shuka ko ya girbe. A Satumba 2021 har sai da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, aka kuma dakatar da kasuwannin mako, don a toshe musu hanyar samun labari da kaya. A farkon Janairu 2022, ko kayan bikin sabuwar shekara ba a gama kwashewa ba, suka afka wa ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen wurin suka ce sun kai wajen 200. Wanda ya ji tsoron wannan hanya, ba wanda zai ce masa matsoraci.

To, ga ra'ayinmu a fili. Bai kamata mu bar ziyarar gida ta mutu ba. Amma dole ne ta sake kama: shawarar tafiya ta koma hannun mutanen gida, fariya ta fita daga cikinta, kuma in mun je mu buɗe ido, mu da 'ya'yanmu, mu ga ƙasar yadda take.

Kuɗi ba ya gaisuwa

Tun da waya ta sauƙaƙa aika kuɗi, da yawa cikinmu mun sami mafaka. A tura dubu kaza ta hannun mai POS na bakin kasuwa, a buga waya ranar 25 ga wata a ce barka da Kirsimeti, shi ke nan an sauke nauyi. Ba mu raina kuɗin ba, ana cin abinci da shi, ana sayen magani. Amma akwai abin da ba ya biyo layin waya. In ka tambayi tsohonka lafiya, lafiya lau zai ce maka ko da ƙafa ta kumbura. Sai ka zauna a tabarmarsa za ka ga ya rame, ka ga rufin ɗaki ya zube, ka leƙa rumbu ka san hatsin ba zai kai bazara ba. Gani ya kori ji.

Mun taɓa kai wa wata tsohuwa a cikin dangi saƙon jikokinta. Ta karɓa ta yi godiya, sa'an nan ta roƙe mu mu kwatanta mata kamannin autansu, domin an haife shi an yaye shi har ya shiga makaranta, ita kuwa muryarsa kaɗai ta sani. Wannan yaro in ya girma, wace ƙasa zai kira gida? Wa zai nuna masa gonar kakansa, ko inda aka binne shi? Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shekara ɗaya ba a je ba, uzuri ne. In ta kai bakwai, takwas, an yanke igiya ke nan ba tare da an yi shawarar yanke ta ba.

Labarin Kirsimeti kansa da ziyarar dangi ya fara. Luka ya gaya mana cewa da Maryamu ta ji saƙon mala'ika, sai ta tashi ta tafi ƙasar tuddai ta Yahudiya wurin 'yar'uwarta Alisabatu, wadda ta sami ciki da tsufanta, ta zauna da ita wajen wata uku. Ba aike ta yi ba, da ƙafarta ta je.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Wani zai ce, Malam, kana zaune cikin gari kana tura mutane bakin kura. Maganarsa abin saurare ce. In aka ɗauke mutum a hanya, ba shi kaɗai aka ɗauke ba. Dangin nan da ya je gani su za su sayar da sa, su sayar da hatsi, wani lokaci har gona, ikkilisiya kuma ta zagaya da faranti. Ziyarar da aka yi don a faranta wa iyaye rai sai ta bar su da bashin da ba za su gama biya ba. Don haka ba mu ce wa kowa ya rufe ido ya kama hanya ba. Mai cewa shi bangaskiya gare shi, ba ruwansa da tambayar hanya, ya tuna Ubangijinmu ya ƙi ya diro daga kan Haikali don ya gwada Allah.

Mu sake duba labarin haihuwar nan a Matiyu sura ta biyu. Masanan da suka zo daga gabas, da aka gargaɗe su game da Hirudus, sai suka koma ƙasarsu ta wata hanya dabam. Yusufu ya ɗauki yaron da uwarsa ya gudu Masar. Da zai komo, ya ji Arkilayus ɗan Hirudus ke mulkin Yahudiya, sai ya kauce ya tafi Nazarat ta Galili. Ba wanda ya taɓa ce wa Yusufu mai ƙarancin bangaskiya saboda ya sake hanya.

Abin da muke cewa shi ne, shawarar zuwa ko rashin zuwa ba ta wanda ke zaune a birni ba ce. Wasu sun daina zuwa saboda labarin rediyo, alhali mutanen garinsu suna kai da komowa kowace ranar kasuwa. Wasu kuma sun nace sai sun je, alhali iyayensu suna roƙonsu su dakata. Dukansu biyu ba su saurari mutanen gida ba. Halin hanya yakan canja daga mako zuwa mako, wanda ke kwana a wurin shi ya san inda ake bi da inda aka daina bi. A tambayi dattijon gida, a tambayi mai bishara ko faston wurin, a tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum. In sun ce a zo, a zo. In sun ce bana a haƙura, a haƙura ba tare da fushi ba.

Wanda aka ce masa ya zo, ga abin da muka ga yana da amfani. A sake buga waya da safiyar tafiya, domin labarin jiya ba na yau ba ne. A shiga mota a cikin tasha, inda aka san direba aka san motar, kada a tsaya bakin titi don neman rangwame. Kada a yi sammakon asuba, kada kuma a bari la'asar ta yi a hanya. Kada a baza ranar tafiya a Facebook ko a zaurukan WhatsApp. A bar sunan mai tafiya da lambar wanda zai tarye shi a wurin dattawan ikkilisiya, in an sauka a sanar. Rigakafi ya fi magani.

Mu bar fariya a birni

Akwai wata cuta da ta daɗe da shiga tafiyar Kirsimeti. Mutum ya ci bashi ya ɗinka kaya kala uku, ya ari motar aboki, ya shiga ƙauye yana danna ham don a san ya zo. Da can wannan wauta ce kawai. Yau haɗari ne, domin masu kai wa 'yan daji labari ba daga sama suke faɗowa ba. Baƙo ya yi kwana uku ya tafi, gidan da ya sauka shi za a sa wa ido a ce suna da ɗa mai kuɗi a birni.

Ban da haɗari ma, akwai rashin ta ido. Mutanen da za mu sauka a wurinsu, waɗansu sun biya kuɗi kafin su girbe gonarsu, waɗansu gonar ma ba su taka ta ba. Ba za su faɗa ba. Za su yanka kazar da ta rage, su dafa shinkafar da suka ɓoye, domin kunyar baƙo. Saboda haka wanda zai je da iyali ya tafi da abincin da zai ishe su har ya yi saura. Tsaraba kuwa a duba ta amfani: bargo da rigar sanyi don hunturu, sabulu, gishiri, man girki, littattafan rubutu na yara. Abin da za a ba tsofaffi a ba su a ɗaki, ba a tsakar gida ba.

Abin da za mu nuna wa yara

In an ce yawon buɗe ido, hankalinmu yakan tafi Yankari ko gidan namun daji na Jos. Mun manta ƙasar iyayenmu ma tana da abin gani, 'ya'yanmu kuwa ba abin da suka sani game da ita sai mugun labari. In an sami sarari, a cikin gari da rana tsaka tare da ɗan gari, ga abubuwan da ya kamata su gani.

Na fari, a kai su ƙofar fadar Anka. Yaro yana jin Zamfara ya ɗauka jiha ce da aka yanko daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996, shi ke nan. A gaya masa sunan ya girmi jihar da ɗaruruwan shekaru. Zamfara tsohuwar daula ce ta ƙasar Hausa. A ƙarni na 18 Gobirawa suka ci Birnin Zamfara da yaƙi, suka kafa birninsu Alkalawa. Gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har ya zauna a Anka a ƙarni na 19. Shi ya sa har yau ake ce wa sarkin garin Sarkin Zamfaran Anka. Yaron da ya ji wannan zai gane ƙasar ta taɓa ganin yaƙi da watsewa, ta kuma sake zama.

Na biyu, a kai su bakin gulbi. Gulbin Zamfara ya ratso wannan yanki ya wuce ta Gummi, ya shiga Jihar Kabi ya haɗu da Gulbin Sakkwato, shi kuma ya zuba a Kwara. A Disamba ruwa ya ja baya, masu noman rani sun sauka fadama. Yaron da ya ɗauka albasa da shinkafa a kasuwa ake haƙo su, ya ga inda suke fitowa, ya ga guminsu. A kuma gaya masa gulbin nan mai ciyarwa yana da fushi. A Agusta 2024 ambaliya ta cinye gidaje masu yawa a garin Gummi, a Satumba na shekarar kuma kwale-kwale ya kife da manoma masu haye ruwa zuwa gonakinsu, mutane da dama suka rasu. In ziyara ta kama a ƙetare ruwa, kada a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, a jira sawu na biyu.

Na uku, a ba su labarin dalma. Ƙasar Anka da Bukkuyum tana da zinariya, amma dutsen da ke ɗauke da ita a waɗansu wurare yana haɗe da dalma mai yawa. Da farashin zinariya ya hau, mutane suka riƙa kawo duwatsun cikin gida, ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta shiga ƙasa, ta shiga abinci, ta shiga jinin yara. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe ƙananan yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare ta Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma aka yi musu magani. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zubo sabuwa, a Bagega ma sai 2013 aka yi aikin. Ba mu ce a kai yara waɗannan ƙauyuka ba. Amma su ji labarin a ƙasar da ya faru, su san abin da neman arziki ba tare da sani ba yake jawowa. Darasin kuma na yau ne: kada a bar yaro ya yi wasa inda ake niƙa dutse, a wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Na huɗu, su san maƙwabta. Yawancin mutanen wannan ƙasa Musulmi ne, da su muka taso, rijiya ɗaya kasuwa ɗaya. A Gummi aka haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya yi Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya sami lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, ya rasu a 1992. Ko ba addininmu ɗaya ba, yaron da ya fito daga wannan ƙasa ya kamata ya san sunan. Mu riƙe hannun yara mu kai su gaida abokan iyayenmu, mu aika da kwanon shinkafar Kirsimeti gidajen da suke aiko mana da naman layya. Mu tuna kuma, yawancin waɗanda 'yan bindiga suka kashe ko suka kora a Anka da Bukkuyum maƙwabtan nan ne. In mun shiga gidan da aka yi rashi bayan rabuwarmu, mu zauna mu yi ta'aziyya yadda ya kamata.

Na biyar, kuma shi ya fi nauyi, mu je wurin waɗanda ba su da gidan da za a ziyarce su. Garuruwan nan sun karɓi 'yan gudun hijira daga ƙauyukan da aka watsa. A Anka, a shekarar 2019, har a filin da ake ginin sabuwar fadar sarki mutane suka kafa bukkoki. Waɗannan ba abin kallo ba ne, kada wani ya je yana ɗaukar su hoto. A je ta hannun shugabannin wurin, da mudun hatsi da tufafi, a gaisa a tambayi garin da mutum ya baro. Mu da muke bikin haihuwar yaron da aka kwantar a komin dabbobi, aka kuma gudu da shi wata ƙasa, bai kamata mu wuce su kamar ba mu gan su ba.

In hanya ta ƙi

Akwai waɗanda za a ce musu kada su zo, kuma gaskiya aka gaya musu. Su ma zumunta ba ta faɗi a kansu ba. Kuɗin motar da za a kashe wa mutum shida, a aika da shi a ɗauko tsofaffi biyu ranar da hanya ta yi kyau, su zo birni su yi mako biyu da jikoki, a kuma kai su asibiti a duba su. In ƙauye ne ba ya shiguwa, a haɗu a cikin garin Gummi ko Anka, ko a Gusau gidan wani ɗan'uwa. In Disamba ta ƙi, a jira lokacin da mutanen gida suka ce an sami sauƙi. In iyali duka ba za su iya ba, mutum ɗaya ya je a madadin sauran.

Ikkilisiya ma tana da nata aiki. Dattawa su san wa ya tafi, wa ya sauka, wa ya komo. A ware wani abu daga baikon godiya na ƙarshen shekara don kuɗin motar tsofaffin da 'ya'yansu ba su da hali. Mu kuma tuna da ƙananan ikkilisiyoyin yankin. Da yawa cikin membobinsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa daga ƙasar Zuru, da kudancin Kaduna, da Filato, da kudu. Da Disamba ta yi sai su tafi garuruwansu, a bar mai bishara da mutane ƙalilan a kan benci. Wanda ya je gida ya yi sujada tare da su, kada ya yi zamansa a zaure yana karɓar gaisuwa. A birni kuma, duk wanda hanya ta hana shi tafiya, kada ya ci abincin Kirsimeti shi kaɗai muna nan.

'Yan'uwa, 'yan bindiga sun ƙwace shanu, sun ƙwace gonaki, sun ƙwace barcin mutane. In muka bari suka raba ɗa da uwa, jika da kaka, maƙwabci da maƙwabci, wannan da hannunmu muka miƙa musu. A daren yau, maimakon miji da mata su yanke shawara su kaɗai, a buga waya gida a tambaya: Baba, yaya hanya, mu zo ko ku za ku zo? Abin da suka ce, a bi.

Allah ya kiyaye masu tafiya, ya tsare na gida, ya maido da salama a ƙasar Zamfara. Ya sa mu ga Kirsimeti da sabuwar shekara lafiya. Amin.